Hannun 'Yardada

Litinin, 6 ga Mayu, bayan Azahar

Ba za a yanke ƙafar ba. Likitan tiyata ne ya faɗa min da bakinsa, a tsaye a baranda yana lalubar makullin mota a aljihu, kamar mai ce min an kawo wuta. Ya ce nama ya fara tsirowa, sugan ma ya sauka. Na yi masa godiya har sau uku, na shige banɗakin ma'aikata na rufe ƙofa, na yi kukan da na riƙe kwana goma sha ɗaya. Alhamdulillah. Tun da abin nan ya faru sai yau na ci abinci na ji gishirinsa.

Umma ta gaji da jin maganar, shi ya sa na sayi littafin nan. Bari in rubuta, ko na daina juya abu ɗaya a kai.

Malam Ilu na Gwammaja, tsohon maɗinkin hula. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma ta tafi. Yana ji, yana ganewa, amma amsa sai gurnani. Yana cikin mutum ashirin da uku da nake bi gida-gida ina yi musu gashi da motsa jiki, a shirin da na shekara biyu ina roƙon sashenmu na fisiyo kafin su yarda. Ba inji, ba janareta, ba a sa tsoho ya tsallaka gari a adaidaita sahu. Gorar ruwa ta roba mu cika ta da yashi ta zama abin ɗagawa. Tsohon tiyub ɗin babur mu yanka ya zama abin ja. Ƙyallayen atamfa da telolin unguwarmu, Soron Ɗinki, suke zubarwa mu ɗinka jaka, mu zuba yashi, in an sauke girki a ɗora ta kan murfin tukunya ta ɗauki ɗumi, sannan a ɗora a gaɓar da ta sage. Jaka irin wannan aka ɗora wa Malam a ƙauri wata Alhamis, ba na nan. Sauran ba sai na rubuta ba. Na ga wurin, kuma in na rufe ido har yanzu ina ganinsa.

Ɗansa Nazeer da ke aiki a Abuja ya kai ƙara a rubuce. An dakatar da shirin, an kafa kwamiti, za su zauna ranar ashirin da ɗaya ga wata. In suka ce jakar ce ta yi ɓarnar, shi ke nan, an rufe, mutanena kowa ya koma kwance inda na same shi.

Amma ƙafar tana nan. Yau wannan ya ishe ni.

Talata, 7 ga Mayu, da safe

Na yi barci har sai da Umma ta tashe ni sallah. Ɗakin da aka kwantar da Malam yana saman sashenmu, matakala ashirin da biyu. Ban hau ba.

Laraba, 8 ga Mayu, ƙarfe huɗu

An mayar da ni kan injina. Na manta yadda hayaƙin janareta yake shigo mana ta tagar baya, mai asma yana kan gado ana gasa masa baya yana tari. Jakar ruwan zafin nan ta roba da ake kawo mana daga waje ta sake fashewa, ta uku ke nan a wata ɗaya, an jefa ta kwandon shara, daga can kuma na san sai kwata.

Dakta Mikail, shugaban sashenmu, ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, amma yana da wata irin magana a sanyaye da take sa ni jin kamar in fasa wani abu.

"Malama Ruqayya, kin san ni ban taɓa ƙin shirinki ba. Amma inji yana da ma'auni. Yashi ba shi da shi."

Na ce, "Yallaɓai, injin da yake aiki awa biyu a yini?"

Bai biye min ba. Ya ce kafin kwamiti ya zauna in bi gidajen in karɓo jakunkunan duka. Na ce to. Na fito ban buga ƙofa ba, kuma ina alfahari da kaina a kan haka.

Alhamis, 9 ga Mayu, bayan La'asar

Tun safe nake yawo a ƙafa da buhu kamar 'yar gwangwan. Zafin nan ba a magana. Daga lungu zuwa lungu ina karɓar abin da ni na kai da hannuna.

Hajiya Ladi ta Ƙofar Nassarawa, mai ciwon gwiwa, ta zauna a kan tata. Ina ganin bakin atamfar ya leƙo ta ƙarƙashin zaninta, ita kuma ta tsare ni da ido.

"Wace jaka kuma, 'yar nan? Ni ban san wata jaka ba."

"Hajiya, wadda kike zaune a kai."

"Wannan? Wannan ai matashina ne tun na aure."

Atamfar da aka fara sayarwa bara. Dariya ta ƙwace min, ta farko a mako biyu, har na zauna a tabarmarta. Ta ce wata uku ke nan tana sallah da ruku'u, bayan shekara biyu tana yi a kujera, kuma duk wanda yake son jakar ya zo ya ɗaga ta da kansa. Na rubuta a takarda cewa ba a samu ba.

Ban hau benen ba.

Juma'a, 10 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na roƙi Dakta Mikail ya nuna min jakar Malam, tana cikin durowarsa a leda. Na jujjuya ta. Malam Audu telanmu da keke yake ɗinka su, ɗinki biyu, farin zare. Wannan ɓari ɗaya an farke shi an mayar da hannu, da baƙin zare. Na kai ta hanci.

Gyaɗa.

Na girgiza, ɗan jan ɓawo ya faɗo ta tsakanin ɗinkin. Na sa yatsa na ɗauke kafin ya ɗago kai daga wayarsa.

Matar Malam, Iya 'Yardada, shekara arba'in ke nan tana suyar gyaɗa a yashi, masu shagunan Gwammaja duk a wajenta suke sara. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba yau.

Asabar, 11 ga Mayu

Ban hau ba.

Lahadi, 12 ga Mayu, bayan Magariba

Ya kamata in yi murna. Ba jakata ba ce, ba murfin tukunya ba ne, wani ne ya saɓa. Na ma yi murnar, ba zan ɓoye ba. Jiya na kama kaina ina shirya jawabin da zan yi wa kwamiti, har da inda zan ɗan yi shiru in kalli Nazeer.

Na faɗa wa Umma muna gyaran shinkafa. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Ita baiwar Allahn kin je kin gan ta?"

Na ce aiki ya yi yawa.

Ta ce, "Ruqayya, ni na haife ki."

Na tashi na bar mata farantin. Shekarata talatin da shida, amma haka na yi.

Litinin, 13 ga Mayu, ƙarfe biyu

Na hau.

Malam yana barci, ƙafar a naɗe a kan filo. Iya tana zaune a ƙasa can gefen ƙofa, ba kusa da gadon ba. Ta rame har wuyanta ya fito. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta kalle ni ba. Wata mai jinya a gadon kusa ta tsiyayo mata shayi daga filas a kofin silba, yana tururi. Na miƙa hannu in karɓar mata, na saki da sauri, saura kaɗan ya zube. Iya ta karɓa ta rungume shi da tafi biyu kamar ruwan randa.

Na tsaya ina kallon kofin. Ita kuma ta ga inda nake kallo.

Muka fita baranda. Ban tambaye ta komai ba, ita ta fara.

"Likita, ranar ban ɗora tukunya ba, maƙwabta ne suka aiko mana da tuwo. Ga shi kin ce kullum a gasa. Na ce to ga kaskona a wuta, na gama suya, yashi ai duk yashi ne. Na farke na juye na ɗan motsa shi, na mayar na ɗinke. Kuma na taɓa. Wallahi tallahi na taɓa, yadda kika ce. Na ɗora tafina na ƙirga goma. Ɗumi kawai na ji."

Na ce, "Bai yi motsi ba, Iya?"

"Ya yi. Ya yi ta gurnani. Na ce Malam daure mana, gashi ai sai da haƙuri."

Ni nake faɗar wannan maganar. Duk ranar da na lanƙwasa masa gwiwa yana gurnani haka nake ce masa, tana zaune tana ji.

Na kama hannunta na buɗe. Tafin kamar ƙasan takalmi. Na danna da farce, ta ce ta ji kamar ana taɓa ta ta cikin bargo. Shekara arba'in tana juya yashi mai zafi da hannu, tana tsamo gyaɗa ta ɗanɗana. Wata takwas ina shiga gidanta, ina cin gyaɗarta, ban taɓa kallon hannun ba.

Ta ce, "Nazeer bai sani ba. Da ma so yake ya tafi da shi Abuja, wai na tsufa. In ya ji, shi ke nan. Kuma a unguwa me za a ce? Matar da ta..." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ba zan ƙarasa mata a nan ba.

Talata, 14 ga Mayu, bayan Asuba

Na ɗauko takardar da nake raba wa masu jinya. Layi na huɗu: "Ki ɗora tafin hannunki a kai ki ƙirga goma. In kin iya jurewa, to ya yi." Ni na rubuta, har na ji daɗin yadda ya fito a sauƙaƙe. Da hannuna na gwada, hannun da bai san komai ba sai biro da man shafawa.

Laraba, 15 ga Mayu

Layi na huɗu.

Alhamis, 16 ga Mayu, ƙarfe uku

Dakta Mikail ba yaro ba ne, shi ma ya ga baƙin zaren. Ya ce, "In an saɓa wa umarninki a gida, ki faɗi wanda ya saɓa, ki fita. Shirinki ya tsira. Me kike jira?"

Na ce ina tunani. Ya ce tunani ba ya cikin abin da kwamiti zai karɓa.

Gaskiyarsa ce, kuma haushinsa nake ji saboda gaskiyar tasa. Mutum ashirin da biyu a ɓangare ɗaya, tsohuwa ɗaya a ɗaya ɓangaren. Na iya wannan lissafin, ban dai so amsar ba.

Da na sauka na leƙa Malam. An buɗe ciwon ana wankewa, ya yi ja mai kyau, gefensa ya fara haɗuwa. Ya gan ni ya ɗaga min hannun hagu. Ban san me na yi tsammani ba, amma ba wannan ba. Iya tana can bakin ƙofa. Nas ta ce tun da aka kwantar da su ko ruwa ba ta yarda ta ba shi da hannunta ba.

Asabar, 18 ga Mayu, bayan La'asar

An hana ni gashi, ba a hana ni gaisuwa ba. Jiya da yau na sake zaga gidajen da kwalabe biyu da ma'aunin zafi, ɗaya ruwa mai ɗumi, ɗaya mai zafin da zai yi wa fata illa in ya daɗe. Duk wadda take jinyar wani na sa ta rufe ido ta taɓa da tafi, sannan da cikin damtse.

Na samu ashirin da ɗaya. Takwas ba su bambance da tafi ba. Takwas! Mai ƙosai, masu waina biyu, mai tuwon sayarwa, matar da take guga da dutsen gawayi. Wata har tana yi min dariya, wai wannan ne zafi? Da na ɗora mata a damtse ta yi tsalle ta ce za ta haɗa ni da Allah. Da damtse kowa ya gane, sai mutum ɗaya.

Na zauna a dakalin wani gida a Gwammaja. Gidaje takwas. Wata da watanni Allah ne kawai yake tsarewa, ni kuma ina ta rubuta rahoton litar man da muka hana janareta sha.

Abin mamaki, da na dawo gida sai na ji wasai. Na san abin da zan faɗa.

Litinin, 20 ga Mayu, da yamma

Na goge kaya. Umma ta ce ta sa an yi min saukar Alƙur'ani. Kunu kawai na sha.

Talata, 21 ga Mayu, bayan La'asar

Mutum biyar a tebur, Nazeer a gefe da babbar riga, fuskar nan a murtuke. Na miƙa musu takardata na ce su karanta layi na huɗu. Na ba su sakamakon kwalabe. Na ce kuskurena biyu ne: na sa an auna zafi da hannun da ban auna ba, kuma na bar abin zafi a gidan mutumin da ba zai iya cewa ya ƙone ba. Na rubuta kalmar yanzu. Ya ƙone. A gabansu ma na faɗe ta.

Wata farfesa mai tabarau ta ce, "Mun ji. Amma wa ya ɗumama jakar?"

Na ce, "Wanda ya bi takardata, ranki ya daɗe."

Ta ce ba amsa ba ce. Na ce ita ce da ni. Dakta Mikail ya dafe goshi.

Sai Nazeer ya yi gyaran murya. "Mahaifiyata ce. Shekaranjiya ta faɗa min da kanta." Ya kalli tebur. "Ta ce ta ji an ce za a kori likita a kanta, ita kuma ba za ta je kabari da wannan ba. Da gyaɗar nan aka biya min makaranta. Ni ma ban taɓa kallon hannunta ba sai ranar."

Farfesar ta cire tabarau ta goge, ta karɓi kwalaben ta gwada a tafinta, ta gwada a damtse. Suka ce za su rubuto.

A waje Nazeer ya tsaya kamar zai yi magana, sai kawai ya ce, "Sannu, Dakta." Na ce, "Sannunmu."

Alhamis, 23 ga Mayu

Shiru. An sallami Malam jiya.

Asabar, 25 ga Mayu

Shiru. An yi yayyafin farko, kwatar lungunmu ta toshe da leda tun kafin ruwan kirki ya zo.

Litinin, 27 ga Mayu, ƙarfe sha biyu

Takarda ta fito. Gargaɗi a fayil ɗina, wanda na cancanta. Shirin zai ci gaba. Kada a bar jakar zafi a gidan wanda ba ya magana ko ba ya jin taɓi. Duk mai jinya a gwada hannunta kafin a ba ta jaka, kuma da damtse za a riƙa aunawa. Farfesar ta ƙara da biro a ƙasa cewa a koya wa ɗalibai gwajin kwalabe, kuma in rubuta shi a matsayin bincike.

Na karanta sau huɗu a tsaye. Dakta Mikail ya ce, "Sai ki zauna ai, kafin ki faɗi mu yi miki gashi." Ashe ya iya wasa.

Na kira Umma, tun daga sallamata ta gane.

Laraba, 29 ga Mayu, bayan Azahar

Gwammaja. Nazeer ya koma Abuja shi kaɗai. Iya ta ce da aka yi wa Malam maganar tafiya ya riƙe ƙarfen gado da hannun hagu har sai da aka bar zancen.

Ciwon ya kusa rufewa, amma wata guda a kwance ya sa gwiwar ta sage kamar itace. Sai an riƙa lanƙwasa ta safe da yamma, ni kuma sau biyu a mako nake zuwa. Na faɗa wa Iya haka. Tana tsaye a bakin ƙofa, hannuwan a cikin mayafi.

"A samo wata dai, Likita. Ni hannuna ba na jinya ba ne."

"Iya, ba wuta a wannan. Ƙarfi ake so, kuma duk cikin masu jinyata ba mai ƙarfin hannunki."

Ta girgiza kai. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce zan tafi in bar su. Ko gezau.

Malam ne ya gaji da mu. Ya bugi katifa da hannun hagu, ya nuna ta, ya nuna gwiwar. Ya sake bugawa. Ta tako a hankali kamar mai tsallake ruwa, ta durƙusa. Na sa mata hannu ɗaya a ƙarƙashin gwiwa, ɗaya a dunduniya, na janye nawa. Ta fara turawa.

Ya yi gurnani.

Ta tsaya cak. Ba ta saki ƙafar ba, ba ta kuma kalle ni ba. Ta sunkuya har fuskarta ta kusa tasa.

"Malam, zafi ne? In zafi ne matsa min hannu."

Ta ba shi yatsunta. Muka jira. Bai matsa ba. Ya harare ta, ya yi mata nuni da haɓa, wato ta ci gaba.

"To ka ji da shi," in ji ta, hawaye yana bin hancinta. "Ɗaya."

Har goma ta kai, kuma a kowace ɗaya sai da ta tsaya ta tambaye shi.